Taimakekeniyar Lafiya: Wace Iri Ce Ta Dace Musulmi Ya Zaɓa?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban Manzanni, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata mas'ala ce da ta shigo wa jama'a gida, musamman mutanen kudancin Jihar Kano, watau yankin da ya haɗa da Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Duk wanda ya zauna a wannan yanki ya san yadda watan Agusta yake. Ruwa na zuba, shuka ta yi kyau amma ba ta nuna ba, rumbu ya yi ƙasa, kuɗin hannu kuwa sun tafi ga taki da ƙwadago. A daidai wannan lokaci ne zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, wani lokaci kuma naƙuda ta zo wa mace da gardama cikin dare, likita ya ce sai an yi mata aiki. Daga nan sai maigida ya sayar da akuya ko saniyar huɗa da arha, ko ya jinginar da gona, ko kuwa ya faɗa hannun mai ba da bashi da ruwa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun marasa lafiya da iyalansu suke fitowa kai tsaye.

Don rage wannan wahala ne aka fito da tsare-tsare iri iri, wasu na gwamnati, wasu na kamfanoni, waɗanda mutum zai riƙa zuba kuɗi kaɗan tun yana lafiya, in cuta ta zo a ɗauke masa nauyi. To, Musulmi yana da tambaya biyu a gabansa kafin ya sa hannu: shin wannan yarjejeniya ta dace da Shari'a, kuma shin za ta amfane shi a inda yake zaune? Tambayoyin nan biyu a haɗe suke, domin jahiltar abin da aka ƙulla ita ce ke ɓata ciniki a Shari'a, ita ce kuma ke sa mutum ya yi da na sani a ƙofar asibiti.

TANADI BA YA KORE TAWAKKALI

Akwai masu cewa yin tanadi domin cutar da ba ta zo ba rashin dogara ne ga Allah, ko ma kiran ciwo ne. Wannan fahimta ba ta da tushe. A cikin Suratu Yusuf, daga aya ta 47 zuwa ta 49, an ba da labarin yadda Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya shawarci mutanen Masar su adana hatsin shekara bakwai na yalwa domin shekara bakwai na fari. Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah ko ya ɗaure raƙumarsa ne ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umarce shi da ya haɗa biyun, ya ɗaure ta sa'an nan ya dogara. Haka kuma Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can, ya kuma bayyana wa Abu Ubaida cewa juyawar ma tana cikin ƙaddarar Allah.

Magabata na wannan ƙasa ba su yi sakaci da wannan babi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan ilmin magani tare da ɗimbin aikin mulki da ke kansa. Manomin da ya gina rumbu bayan kaka kuwa ba wanda ya taɓa zarginsa da raunin imani. Saboda haka asalin tanadi halal ne. Abin da malamai suka yi bincike a kansa shi ne hanyar da ake bi wajen yin sa.

ABIN DA MALAMAI SUKA FAƊA KAN INSHORA

Cikin malaman fiƙihu, wanda aka sani da fara tattauna inshora shi ne Ibn Abidin, babban malamin Hanafiyya na birnin Dimashƙa, wanda ya rasu a 1836. A zamaninsa fatake kan biya wani Bature kuɗi domin ya lamunce musu kayansu in jirgin ruwa ya nutse ko aka yi masa fashi. Ibn Abidin ya ga bai halatta ɗan kasuwa ya karɓi wannan diyya ba, domin an ɗora wa mutum biyan abin da Shari'a ba ta ɗora masa ba.

Da inshora ta bazu a ƙasashen Musulmi, sai majalisun malamai suka zauna a kanta. A 1965 taron Cibiyar Binciken Musulunci ta Azhar a birnin Alƙahira ya halatta inshorar da ƙungiyoyin taimakon juna ke yi, da kuma tsarin fansho da makamantansa da gwamnati ke gudanarwa domin jin daɗin jama'a. A 1978 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka, ta haramta inshorar kasuwanci, ta halatta ta taimakon juna. Shehu Mustafa Zarƙa na Siriya, wanda ya rasu a 1999, ya saɓa wa sauran a wannan zama, yana ganin ita ma ta kasuwancin halal ce matuƙar an tsarkake ta daga riba. A 1985 kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda ta ƙarfafa ra'ayin mafi rinjaye.

Dalilan haramta inshorar kasuwanci uku ne. Na farko shi ne garari, watau ƙulla ciniki a kan abin da ba a san ƙarshensa ba, wanda hadisin Abu Huraira a cikin Sahihu Muslim ya hana. Mutum yana biyan kuɗi sananne, amma bai san ko zai karɓi wani abu ba, bai kuma san nawa zai karɓa ba. Na biyu shi ne kama da caca, wadda aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta hana, domin ribar ɗayan ɓangaren ita ce hasarar ɗayan: in mutum bai yi ciwo ba kamfani ya ci kuɗinsa, in ya yi babban ciwo shi ya ci na kamfani. Na uku shi ne riba, domin kamfanonin kan ajiye kuɗin a inda ake ba da ruwa.

BAMBANCIN CINIKI DA KYAUTA

Mai karatu zai iya tambaya, to ai a taimakon juna ma mutum bai san ko zai karɓi wani abu ba, me ya sa aka halatta shi? Amsar tana cikin wata ƙa'ida ta mazhabar Imamu Malik, wadda Imam Ƙarafi, da ya rasu a Masar a 1285, ya bayyana a littafinsa Al-Furuƙ. Garari yana ɓata yarjejeniyar musaya ce, watau inda kowa ke ba da abu don ya karɓi madadinsa, kamar saye da sayarwa. Amma a babin kyauta da sadaka, Malik bai ga garari yana cutarwa ba, domin wanda aka yi wa kyauta bai fitar da kome ba balle a ce an cuce shi. Shi ya sa bai halatta a sayar da ɗan da ke cikin saniya ba, amma ya halatta a yi kyautarsa.

Idan mutane suka haɗa asusu, kowa ya zuba da niyyar sadaukarwa ga duk wanda cuta ta sama a cikinsu, to kuɗin nan sun zama na jama'ar, ba su zama mallakar wani ɗan kasuwa ba. Wanda bai yi ciwo ba a shekarar bai yi hasara ba, ya sami lafiya ya kuma sami ladan taimako. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa cewa mutanen ƙabilar Ash'ari, idan guzurinsu ya ƙare a wurin yaƙi ko abinci ya yi ƙaranci a Madina, sukan tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai, kuma Manzon Allah ya yabe su har ya danganta kansa da su. Sananne ne cewa wani ya zuba da yawa wani ya zuba kaɗan, amma ba a kira wannan garari ba. Aya ta 2 ta Suratul Ma'ida kuwa ta yi umarni da taimakon juna a kan alheri da taƙawa. Bahaushe ma ya san wannan tun kaka da kakanni ta hanyar gayya da gudummawar biki, har ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga misali domin fahimta kawai. A ce magidanta 500 a wata gunduma kowa yana zuba Naira 1,000 a wata. A shekara an tara Naira 6,000,000. Idan mutum 20 suka buƙaci aikin da ke cin Naira 150,000 kowane, an kashe Naira 3,000,000, saura kuma ya tafi ga zazzaɓi da awon ciki da sauran ƙananan larurori. Nauyin da zai karya gida ɗaya, da aka raba shi a kan gida 500 sai ya zama abin da kowa zai iya ɗauka.

Game da lafiya a keɓe, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta sake zama a Dubai a 2005, ta raba mas'alar gida uku. Idan yarjejeniyar tsakanin mutum da asibiti ce kai tsaye, ta halatta bisa sharaɗin a bayyana haƙƙin kowane ɓangare filla-filla, har gararin ya zama kaɗan, tunda akwai buƙata mai tsanani ta kare rai. Idan ta hannun kamfanin inshorar Musulunci ce, ta halatta. Idan kuwa ta hannun kamfanin inshorar kasuwanci ce, hukuncin 1985 na nan. Almajiran da suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure za su tuna cewa a babin ciniki ya halatta a yi jinga da likita a kan sai maras lafiya ya warke, alhali ba wanda ya san tsawon jinyar. Wannan ya nuna cewa malaman Malikiyya sun daɗe suna sassautawa a sha'anin magani saboda buƙatar mutane.

IRE-IREN TSARIN DA KE GABAN MUTANE

Na ɗaya, tsarin Gwamnatin Tarayya. An kafa dokarsa a 1999, aka ƙaddamar da shi a 2005 da sunan NHIS. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta maye gurbinsa da hukumar NHIA, ta kuma wajabta wa kowane mazaunin ƙasar ya kasance cikin wani tsarin lafiya. A ɓangaren ma'aikata, rajistar mutum ɗaya tana ɗaukar shi kansa da matarsa ɗaya da 'ya'yansa huɗu na cikinsa waɗanda ba su kai shekara 18 ba, kuma mai katin yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin da aka rubuta masa. A 2020 an buɗe wani reshe mai suna GIFSHIP domin wanda ba ma'aikacin gwamnati ba ya shiga, shi kaɗai ko da iyalinsa ko cikin ƙungiya.

Na biyu, tsarin Jihar Kano. A 2016 aka yi dokar da ta kafa hukumar KSCHMA, aka fara da ma'aikatan gwamnati waɗanda ake cire kasonsu daga albashi, sa'an nan aka buɗe ƙofa ga manoma da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. An gina shi a kan sunan taimakekeniya, aka kauce wa kalmar inshora wadda jama'a da yawa ke ƙyama, kuma jihohin Jigawa da Katsina da Kaduna da Sakkwato da Zamfara duk sun bi irin wannan suna. Tunda hukuma ce ke riƙe da asusun domin jama'a, ba domin raba riba ga masu hannun jari ba, wannan tsari da na tarayya su ne suka fi kusa da siffar da taron Azhar ya halatta.

Na uku, asusun marasa galihu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, aka fara sa shi a kasafin kuɗi na 2018. Wani kaso na wannan asusu yana biya wa matalauta kuɗin rajista, musamman mata masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tsofaffi da masu naƙasa, ta hannun hukumomin jihohi da ƙananan asibitocin gundumomi. Wanda ya cancanta ba ya biyan kome, sai dai guraben ƙididdigaggu ne.

Na huɗu, kamfanoni masu zaman kansu da ake kira HMO. Suna sayar da tsari hawa hawa, ƙarami da matsakaici da babba, kowane da farashinsa da jerin asibitocinsa. Galibin waɗannan asibitoci a manyan birane suke. Idan kuɗin da aka zuba sun zama mallakar kamfanin, abin da ya rage kuma ribarsa ce, to wannan shi ne nau'in da mafi yawan malamai suka hana. Amma wanda wurin aikinsa ya yi masa rajista ba da zaɓinsa ba, ko doka ta tilasta masa, malamai da yawa sun yi masa rangwame saboda larura.

Na biyar, takaful, watau inshorar Musulunci. An kafa kamfanin farko na irinta a Sudan a 1979, Malesiya ta yi mata doka a 1984. A Nijeriya hukumar NAICOM mai kula da inshora ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, kuma a 2016 aka ba kamfanonin Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi. A takaful asusun mahalarta dabam yake da na masu kamfani. Kamfani wakili ne da ke karɓar ladan aikinsa sananne, ana juya kuɗin a harkokin halal, akwai kwamitin malamai mai sa ido, kuma rarar da ta rage a ƙarshen shekara haƙƙin mahalarta ce. Mai sha'awa sai ya tambaya ko kamfanin yana da tsarin lafiya, da kuma asibitocin da yake hulɗa da su.

TAMBAYOYI BAKWAI KAFIN A SA HANNU

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Ga abubuwan da ya kamata magidanci ya nemi amsarsu, in ya yiwu a rubuce, tunda aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, ta koyar da rubuta abin da aka ƙulla.

1. Kuɗin na wane ne bayan an zuba su? Wannan ita ce tambayar Shari'a. Suna ba ya halatta abu, ba ya kuma haramta shi. Za a iya kiran tsari taimakekeniya alhali wani ne ke cinye rarar, kamar yadda za a iya kiran wani inshora alhali asusun jama'a ne. A duba haƙiƙa.

2. Wane asibiti ne za a rubuta wa mutum? A tsarin gwamnati kowa yana zaɓen asibiti ɗaya na farko, ana biyan asibitin wani adadi a kan kowane mutum duk wata, kuma daga nan ake ba da takardar turawa zuwa babban asibiti. Mutumin Riruwai da ya zaɓi asibiti a birnin Kano don suna, sai ya ratsa dajin Falgore ya yi tafiyar sa'o'i kafin a duba ɗansa mai zazzaɓi. Kuɗin mota kaɗai za su fi kuɗin maganin. Gara asibiti na kusa wanda yake da ma'aikata da dare.

3. Yaya ake yi in larura ta fi ƙarfin asibitin farko? A san hanyar turawa zuwa babban asibitin Tudun Wada ko na Doguwa, da zuwa Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Mutanen Doguwa sun fi kusa da Saminaka a Jihar Kaduna, mutanen Kwanar Ɗangora kuma sukan nufi Shika a Zariya. Sai a tambaya ko katin jiha yana aiki a wajen jihar, da abin da za a yi in hatsari ya auku a kan hanya.

4. Me aka ɗauka, me aka bari? Kusan kowane tsari yana ɗaukar zazzaɓi da awon ciki da haihuwa da ƙananan gwaje-gwaje. Bambancin yana fitowa ne a tiyatar haihuwa da ƙarin jini da kwanciya a gado, da cututtuka masu daɗewa kamar hawan jini da ciwon sukari da sikila. Manyan ayyuka irin su dashen ƙoda da jinya a ƙasar waje galibi ba sa ciki, wankin ƙoda kuwa akan iyakance shi. Manomi ya tambayi batun saran maciji, mazaunin bakin dam ɗin Tiga ya tambayi batun tsargiya.

5. Mutum nawa katin ya ɗauka? Gidan da ke da mata biyu ko uku da 'ya'ya goma ya wuce adadin da rajista ɗaya ke ɗauka. A nan batun adalci ya shigo. Mukhtasar na Shehu Halil ya ɗora wa miji ladan ungozoma, bai ɗora masa kuɗin magani ba, amma Ibn Abdul Hakam daga cikin manyan Malikiyya ya ɗora masa, kuma malamai da yawa na wannan zamani sun sa magani cikin ciyarwa, tunda ya zama buƙata kamar abinci. Bai kyautu a rubuta mace ɗaya da 'ya'yanta a bar abokiyar zamanta ba. A tambayi kuɗin ƙarin mutum, a yi wa kowa, ko kuwa a yi wa wadda aka bari tanadi daidai da na 'yar'uwarta.

6. Yaushe ake biya, yaushe kati ke fara aiki? Yawancin tsare-tsare suna da wa'adin jira tsakanin rajista da fara amfani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga manomin masara a Doguwa ko na shinkafa a Tudun Wada, lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, sa'ad da kuɗi ke hannu, ya biya na shekara gaba ɗaya domin damina ta same shi a shirye.

7. Wa za a kai wa ƙara? A san ofishin da ke sauraron koke in aka ce babu magani a sayo a kemis, ko aka nemi mutum ya biya abin da katinsa ya riga ya ɗauka.

KOWA DA ABIN DA YA DACE DA SHI

Malamin firamare a Kiru wanda ake cire kasonsa daga albashi ya riga ya shiga tsarin jiha. Abin da ya rage masa shi ne ya tabbata an rubuta iyalinsa, ya karɓi katinsa, ya zaɓi asibiti na kusa. Da yawa ana cire musu kuɗi wata da watanni amma ba su taɓa zuwa sun kammala rajista ba, sai ranar ciwo su biya daga aljihu, sun yi biya biyu ke nan.

Manomi ko ɗan kasuwar da ba ya da albashi, ya fi masa sauƙi ya shiga ta hanyar ƙungiya, kamar ta manoman rake ko ta masu sufuri ko ta jama'ar masallaci, domin ƙungiya ta fi mutum ɗaya ƙarfin magana in an sami matsala. Gwauruwa mai marayu da tsohon da ƙarfinsa ya ƙare kuwa, wajibin mai unguwa da limami ne su kai sunansu ga asusun marasa galihu. Attajirin da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Legas, wanda ke buƙatar katin da zai yi aiki a garuruwa da yawa, ya fara neman takaful ko tsarin tarayya kafin ya waiwayi wani.

Mawadata kuma suna da ƙofar lada a buɗe. Biya wa marayu ko almajirai ko maƙwabci matalauci kuɗin rajista na shekara sadaka ce mai yawan amfani. Game da zakka, tunda malamai da yawa sun sharɗanta a mallaka wa matalauci ita a hannunsa, hanyar da ta fi kuɓuta daga saɓani ita ce a ba shi kuɗin, a nuna masa amfanin rajistar, shi kuma ya biya da kansa.

AMANA BAYAN SHIGA

Asusun taimakon juna dukiyar jama'a ce, cin ta ba bisa haƙƙi ba kuwa yana cikin cin dukiyar mutane da ɓarna wanda aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana. Wanda ya ara wa ɗan'uwansa kati ya je ya karɓi magani da sunansa, ko ya ƙirƙiri ciwon ƙarya don ya tara magani ya sayar, ko ya ɓoye cutar da aka tambaye shi a kanta lokacin rajista, ya ci amanar dubban mutanen da bai san su ba, kuma neman yafewarsu abu ne mai wuya. Mai hali da ya cusa sunansa cikin jerin marasa galihu ya tare gurbin wata mai ciki da ba ta da kowa.

Haka nan amanar tana kan ɗaya ɓangaren. Asibitin da ya karɓi kason mutum duk wata sa'an nan ya wulaƙanta shi don ya zo da kati, ko ya rubuta aikin da bai yi ba, da jami'in da ya jinkirta biyan asibitoci haƙƙinsu, duk sun saɓa wa aya ta 1 ta Suratul Ma'ida wadda ta yi umarni da cika alkawura. Irin wannan ha'inci shi ne ke kashe zuciyar jama'a har su ƙaurace wa abin da zai amfane su.

A taƙaice, wanda zai zaɓa ya fara da tsarin da asusunsa na jama'a ne, ya tabbata asibitinsa na kusa ne, ya san abin da aka ɗauka da abin da aka bari, ya haɗa iyalinsa duka bisa adalci, ya biya tun yana lafiya da niyyar taimakon 'yan'uwansa. Inda abu ya shige masa duhu, ya kai takardar yarjejeniyar ga malami masanin fiƙihun mu'amala su karanta tare, domin fatawa a kan takardar da aka gani ta fi fatawa a kan labari.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya ƙara wa masu lafiya godiya, Ya sa albarka a cikin abin da aka noma, Ya kuma tsare al'umma daga cin haram. Allah ne Mafi sani.